Ƙafar Goggo Zulaihatu

A ƙofar kicin ɗin gidan Alhaji Bobboyi da ke Wuro Hausa akwai wasu silifa na roba masu ruwan toka, waɗanda ba su tsufa tare ba. Na dama yana nan garau. Na hagu kuwa ya cinye ta gefen waje, ya yi siriri kamar wuƙar da aka daɗe ana wasawa, domin mai shi da gefen ƙafa take takawa. Mutum goma sha ɗaya ke tsallake silifan nan kullum in za su ɗauki abinci. Babu wanda ya taɓa duban su, sai in sun tare masa hanya ya sa ƙafa ya ture.

Silifan Goggo Zulaihatu ne, ƙanwar maigidan, ciki ɗaya.

Shekararta goma a gidan, tun ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi gari ya watse. A gudun ne ta faɗa kwazazzabo, idon sawunta na hagu ya karye. Wani mai ɗori da suka haɗu da shi a daji ya ɗaure mata da kara da tsumma, ta taka shi haka kwana uku kafin su sami motar Yola. Mijinta bai fito ba, ba ta kuma da ɗa.

Alhaji ya fi kowa iya ba da wannan labari. Kullum bayan la'asar, in an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai ya gyara zaman hula ya ce, “Mutum ashirin da bakwai na sauke a gidan nan lokacin gudu. Ashirin da bakwai! Har yau ƙanwata tana wurina, ci da sha da sutura, ban taɓa nuna gajiya ba. Ai ɗan'uwa rabin jiki ne.” Jama'a su ce Allah ya saka da alheri. Abin da bai taɓa sakawa cikin labarin ba shi ne, a watan da Zulaihatu ta iso aka sallami masu aikin gidan su biyu, kuma daga ranar ba a sake ɗaukar wata ba.

Ita ce mai hura wuta, ita ce mai dama kunun gyaɗa, ita ce mai tuƙa tuwon masara a tukunyar da sai an tsaya ake juya muciya a cikinta. Ƙafar kuwa tana ta cin kanta a hankali. Da safe in ta sauke ta ƙasa sai ta ji wani gurzawa a ciki, kamar an tauna tsakuwa cikin shinkafa. Kafin azahar idon sawun ya kumbura ya yi kamar gwanda. Abin da ya fi damun ta shi ne zamewa. Tana cikin tafiya sai gaɓar ta goce ba sallama, ƙafar ta kife. Ta kan ɗaure ta tamau da tsohon ɗankwali, ta ci gaba.

Wata safiya ta goce mata tana ɗauke da tukunyar kunu. Ta zube a tsakar gida, kunun ya wanke mata hannu. Hajiya Munirat, matar gidan, ta fito a guje tana salati.

“Innalillahi! Duka ya zube?”

Rebeka ce ta kai ta asibiti. Rebeka mutumiyar Michika ce, a hanyar gudu suka haɗu, ita ce ta goya Zulaihatu a bayanta suka haye rafi. Yanzu tana soya ƙosai a Jambutu, tana kuma leƙowa Wuro Hausa duk ran Lahadi in an tashi daga coci. Da ta ga hannun da ƙafar ba ta nemi izinin kowa ba, ta tsayar da Keke Napep.

Likitan ƙashi, Dakta Nu'uman, ya ɗaga hoton ƙafar wajen haske ya daɗe yana kallo.

“Mama, kin ga nan? Tsakanin ƙasusuwan nan biyu akwai guringuntsi da ke zama kamar katifa. Naki ya cinye tas, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar kuma sun saki kamar tsohuwar robar siket. Shi ya sa take zame miki.”

“Ba magani, likita?”

“Ƙwaya ba za ta yi ba, sai aiki. Za mu buɗe, mu kankare wurin, mu haɗa ƙasusuwan mu ɗaure da ƙusoshi uku har su manne su zama ɗaya. Gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, amma ba za ta ƙara zamewa ba, ciwon kuma zai tafi. Akwai gidauniyar da ke ɗaukar nauyin waɗanda suka yi gudun hijira, wannan ba damuwarki ba ce. Abu ɗaya nake nema a wurinki. Mako shida ƙafar nan ba za ta taɓa ƙasa ba. Ban ce ki rage takawa ba. Ko sau ɗaya. Akwai masu kula da ke a gida?”

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. “Mutum goma sha ɗaya ne a gidan.”

Rebeka ta ja tsaki. “Masu kula da ke ya tambaya, ba masu cin tuwonki ba.”

Da Zulaihatu ta durƙusa ta faɗa wa wanta, sai ya buga cinya.

“A yi! Gobe ma in suna so. Lafiyarki ai ta fi komai.”

“Usoko, Hamma, na gode. Allah ya ƙara girma.”

Hajiya Munirat, wadda ke gefe tana yanke farce, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Saura kwana goma sha biyu azumi fa, Alhaji.”

Kowa ya yi lissafinsa. Alhaji ya ce gaskiya ne, bai kamata a yanka mutum cikin wannan zafi na Yola yana azumi ba, tausayi ma ba zai bari ba. Saboda tausayin nan Zulaihatu ta yi kwana talatin a tsaye gaban murhu, tana soya ƙosan buɗa-baki na gida da na masallaci. Bayan sallah Hajiya za ta tafi aikin Hajji, wa zai riƙe gida? Da ta dawo kuma 'yan barka da zuwa suka yi mako uku suna sintiri, baƙo kuwa ba a sallamar sa da ruwa tsura. Sau uku ana sa rana, sau uku Alhaji yana buga waya ya ɗaga, kowane karo da dalilin da in ka ji sai ka ce Allah sarki, mutumin kirki.

A wata na bakwai Rebeka ta gaji. Ta zo ran Lahadi da la'asar, ba ta shiga gida ba, ta tsaya daidai bakin tabarmar majalisa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗaga murya.

“Alhaji, likita ya ce in tambaye ka, 'yar'uwarka ɗin nan za a kawo ne, ko ya ba wani gurbin? Ya ce ko dai gidan ba mai ba ta ruwa ne?”

Abin da ciwon shekara goma bai yi ba, idon mutum takwas ya yi shi cikin minti ɗaya. Ran Laraba Alhaji da kansa ya sa hannu a takarda. Bayan an fito da ita daga ɗakin tiyata ya tsaya a kan gadonta, ya dafa ƙarfen, ya sa ɗansa Usaid ya ɗauke su hoto. Kafin maganin barci ya sake ta, hoton ya zagaye dangi a waya, ana ta yi wa Alhaji addu'a. Jinyar kwana biyar kuwa Rebeka ce ta rufe kaskonta ta yi.

Ranar sallama Sista Hilda, nas ɗin ɗakin, ta kawo sanduna biyu na ƙarfe ta koya wa Zulaihatu yadda ake rataya jiki a kansu. Sannan ta ɗauki biro mai kauri ta rubuta a jikin farin simintin da aka naɗe ƙafar da shi, manyan baƙi: KAR A TAKA SAI 14 GA NUWAMBA. Ta juya wajen Usaid, wanda ke karkaɗa makullin mota.

“Ka iya karatu, ko?”

“Haba Sista, digiri gare ni.”

“To ka karanta wa sauran.”

Ba wanda ya ga dalilin ambata cewa ɗaurin auren Yusrah, 'yar autar gidan, ran ɗaya ga Nuwamba ne. An sa ranar tun kafin aikin. Kuma ranar aure, in ji Hajiya, ba a ɗaga ta saboda ƙafa.

Makon farko an yi mata kara. Ana leƙowa ɗakinta na jikin kicin a ce sannu Goggo. Abinci dai sai ya huce yake isowa, shinkafar kuma rabi ɗanya rabi ƙanzo. Usaid ya leƙo yana shafa ciki.

“Goggo, yaushe za ki miƙe ne? Wallahi mun rame. Dubi wandona.”

Ta yi dariya don ya ji daɗi.

A mako na biyu Hajiya ta shigo da faranti cike da wake ta dire mata a cinya. “Don kar zama ya gundure ki. Ai ba a hannu aka yi aikin ba.” Bayan wake sai albasa, bayan albasa sai gyaɗa buhu guda.

A mako na uku aka ajiye mata kujera 'yar tsuguno a bakin murhu, wai ta riƙa faɗin gishiri kawai. Likita ya ce a ɗora ƙafar kan filo ta fi ƙirji tsawo. A kan kujerar nan kuwa a ƙasa take lilo tun hantsi har la'asar. Yatsun da suka leƙo daga bakin simintin suka kumbura, suka yi baƙi kamar ɗinya. Ta nuna wa Yusrah, don ita ce ta karanta kiwon lafiyar al'umma a jami'a.

Yusrah ta dubi yatsun daga tsaye, wayarta a hannu. “Ba komai ba ne, Goggo, jini ne ke gudana. Kuma likitocin nan ƙara kwanaki suke yi don su tsorata mutane. Mako huɗu ma ya isa.” Ta tsuguna ta langwaɓar da kai, ta yi muryar da take yi tun tana ƙarama in tana son ƙanzo. “Goggona, nakiyata fa?”

A zuriyar su Alhaji Bobboyi ba a sayen kayan gara a kasuwa. Goggon amarya ce ke yin nakiya da alkaki da dubulan da hannunta, ita ce ke wanke amarya da ruwan lalle, ita ce ke riƙe hannunta har ɗakin miji. In aka kai gara babu hannun goggo, dangin ango za su ce amaryar ba ta da dangin uba. Yusrah kuwa goggonta ɗaya ce a duniya.

“Adda,” Zulaihatu ta ce wa Hajiya a hankali, “ko a kira masu yi, in zauna ina nuna musu?”

“Masu yi? A ce 'yar Alhaji Bobboyi an yi mata nakiyar haya, goggonta tana raye, tana cin abincin gidan? Ke ma kin san ba za ki so a faɗa ba. A zaune za ki yi. Wa ya ce ki tashi?”

Ran Alhamis, ranar kamu, aka kafa tamfol a bayan kicin aka jera murhu uku. An yi ruwan ƙarshen damina da safe, tamfol ɗin ya tara ruwa ya yi ciki, ya sauko har yana neman taɓa kan mutane. Usaid ya waiwaya yana neman abin tokarewa, idonsa ya faɗa kan sandunan da ke jingine da kujerarta.

“Goggo, aron minti biyar.”

Kafin ta buɗe baki ya tafi da ɗaya. Ta yi daidai da tsawon kamar don haka aka ƙera ta. Ɗayar kuma Hajiya ce ta ɗauke da azahar, ta tura bayan buhunan sito.

“Surukai na hanya. Kar su shigo su ɗauka asibiti muka buɗe.”

Da la'asar motocin dangin ango suka iso, mai kiɗa ya ƙure na'ura, matan da ke taya aiki suka yar da matsami suka ruga kallo. Aka bar Zulaihatu ita kaɗai da babban kaskon mai a kan wuta. Daga inda take zaune zuwa kaskon taku huɗu ne. Ta ga man ya fara hayaƙi. Ta kira Adda, ta kira Yusrah, ta kira Usaid, kiɗa ya haɗiye muryarta. Harshen wuta ya laso bakin kaskon, man ya kama, ga tamfol na roba a kansa bai fi kamu uku ba, ga ɗakunan da aka tara kayan amarya a jikinsa.

Ta dubi rubutun Sista Hilda. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

A taku na biyu ta ji wani ƙas a cikin simintin, kamar an karya kara. Ba ta tsaya ba. Ta janye itacen, ta kifa babban faranti a kan kaskon, wutar ta mutu. Tana nan tsaye, gumi na zuba, haƙoranta a datse, Hajiya ta shigo neman ƙarin lemo. Ba ta ga baƙin da wuta ta yi wa tamfol ba. Abu ɗaya ta gani.

“A'a! Goggon yara! Ashe kina iya tsayuwa?”

Labari ya zagaye gida kafin magariba, ana ta hamdala, Goggo ta warke, albarkar biki. Tunda ta taka sau ɗaya ba ta mutu ba, me zai hana ta sake? Ran Juma'a a tsaye ta wanke amarya. Ran Asabar ta riƙe hannunta ta hau matakala tara a gidan ango a Jimeta, tana dafa bango. A hotunan bikin an sa ta a baya, an ja zanen wata ya rufe simintin.

Ran Lahadi wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito ta jikin simintin, daidai kan kalmar TAKA. Ran Litinin zazzaɓi ya rufe ta.

“Hamma, ina jin ƙafar nan ba daidai ba.”

“Gajiyar biki ce. Kowa a gidan nan jikinsa ciwo yake, ni kaina bayana kamar zai ɓalle. Bari baƙi su watse.”

Baƙi suka watse, aka shiga mayar da tukwanen aro. Mota kuma tana wurin kanikawa. Ba a kai ta asibiti ba sai da Rebeka ta zo ran Lahadin gaba, don ba a gayyace ta biki ba. Tun daga bakin ƙofar ɗakin ta toshe hanci.

“Yesu! Zulai, mene ne ya mutu a ɗakin nan?”

Da sanda ɗaya da kafaɗar Rebeka ta isa asibiti. Sista Hilda ta dube ta sama da ƙasa.

“Ina ɗaya sandar?”

“Tana aiki a gida,” in ji Rebeka. “Kowa a gidan da aikinsa.”

Aka yanke simintin. Dakta Nu'uman ya duba sabon hoto, ya ajiye, ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce ba zai yi magana ba sai wanda ya sa hannu ya zo. Alhaji ya iso bayan awa biyu, cikin babbar riga da ƙamshin turare.

“Alhaji, ƙusoshi biyu sun lanƙwashe, ɗaya ta saki. Ƙashin ya goce. Ciwon ya ruɓa. An taka ƙafar nan, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.”

“Wallahi likita, mun yi mun yi da ita. Ka san mutanenmu na da, ba su iya zama ba. Ka ce su huta, sai ka gan su a kicin.”

“Wa ya ɗauke mata sanduna?”

“To, ka san gidan biki.” Ya gyara hula. “Amma komai ai rubutacce ne. Bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Kuma ni, ba don ina raina aikinku ba, ƙusoshin nan na yanzu anya masu kyau ne? Komai ya zama jabu a ƙasar nan.”

Likitan ya dube shi irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Ya juya wajen Zulaihatu, ya sassauta murya.

“Mama, ki saurare ni. Mun wanke ciwon, za ki sha magani kwana goma sha huɗu, sannan mu sake aikin. Wannan karon wata uku ne babu takawa. Ƙashin da ya rage kaɗan ne. Ba zan ɓoye miki ba, in aka yi jinkiri ruɓar ta shiga ƙashi, ko aka sake takawa, abin da ya rage shi ne mu yanke daga ƙasan gwiwa.”

“Allah ya kiyaye,” in ji Alhaji. “Za mu kula sosai.”

A hanyar fita Rebeka ta matse hannunta. “Ɗakina ɗaya ne, kin sani. Amma tukunyata ƙarama ce, tuƙinta ba ya buƙatar mutum biyu. Ba sai kin ce komai ba. Ki yi mini filashin a waya kawai.”

Zulaihatu ta ce, “Ɗan'uwana ne, Rebeka. Me mutane za su ce?”

“Mutanen za su ara miki ƙafa?”

Kulawar ta kai kwana uku. A rana ta huɗu, bayan azahar, tana kwance ƙafarta a kan filo, ta jiyo su a falo. Tagar ɗakinta tana kallon tagar falon, kuma a gidan ba a taɓa rage murya saboda ita ba, kamar yadda ba a rage murya saboda turmi.

Maganar Kausar ake yi, matar Usaid, wadda cikinta ya shiga watan haihuwa.

“Mako biyu, in ji likitarta, ko ƙasa da haka,” Usaid ke faɗa. “Daidai ranar aikin Goggo.”

“To wa zai yi mata wankan jego?” in ji Hajiya. “Uwarta tana Legas. Ni kuwa kun san hawan jinina, ba na kusantar ruwan zafi. Tafasa ruwa safe da yamma kwana arba'in, ga kunun kanwa, ga abincin suna. Ai ba a ba bare wannan.”

“Likitan nan fa ya ce—”

“Likita ya ce, likita ya ce! Wancan karon ma ai ya ce. Ba ga ta nan da ranta ba? A zaune za ta yi.”

Aka ji Alhaji ya kurɓi shayi ya ajiye kofi. “Ba abin tashin hankali ba ne. Zan kira shi ya ɗaga zuwa bayan arba'in. Ƙafar da ta jira shekara goma, kwana arba'in ne zai gagare ta? Zancen yankewa kuwa barazana ce. Kuma ko da Allah ya ƙaddara, ai yanzu ana yin ta roba, mai kyau, har tafiya ake yi da ita.”

“Har tsayuwa,” in ji Hajiya.

Zulaihatu ta kwanta tana kallon rufi. Ba ta yi kuka ba. Shekara goma tana ɗauka cewa ba su gane ba ne, cewa in da sun san irin ciwon, da sun tausaya. Ashe sun sani sarai. Sun ji likita, sun karanta rubutu, sun shaƙi warin. Sun auna ƙafarta da ruwan wanka, ruwan wanka ya rinjaya. Kuma gobe in an yanke, su ne za su fi kowa kuka a asibiti, Alhaji ya dafa ƙarfen gado a ɗauki hoto.

Ta jawo 'yar wayarta daga ƙarƙashin filo, ta danna lambar Rebeka, ta bari ta yi ƙara sau ɗaya ta kashe.

Kayanta ba su cika ɗankwali ba: zane uku, carbi, ledar magani, katin asibiti. Ta ɗaure ƙullin a bayanta kamar goyo. Ta jira har aka sallame la'asar, ta ji an shimfiɗa tabarma a waje. Sannan ta rataya a kan sanda ɗaya, ta dafa bango, ta yi tsalle da ƙafar dama har tsakar gida. A ƙofar kicin ta zura silifan dama.

Ɗaya sandar tana bayan kicin. An kwance tamfol tun tuni, amma sandar ta sami sabon aiki, an tokare igiyar shanya da ita. A kan igiyar akwai fararen manyan rigunan Alhaji guda uku, an sa musu bula da sitaci, suna ɗiga. Zulaihatu ta kama sandar ta zare. Igiyar ta sauko a hankali, rigunan suka kwanta cikin caɓin makwarara. Ba ta waiwaya ba.

Da ta fito daga zaure, Keken yana tsaye a gindin dalbejiya, Rebeka a ciki ta harɗe hannu. Majalisa ta cika, har da wani baƙo, Alhaji kuwa ya kai tsakiyar labari.

“Ashirin da bakwai! Har yau ƙanwata... yauwa, ga ta nan ma. Sau biyu ina kai ta ana mata aiki. Zulaihatu, ina zuwa haka da yamma? Likita bai ce ki kwanta ba?”

Ƙarar sandunan kawai aka ji a kan dakali, ƙwas, ƙwas. Ta wuce ta gaban tabarmar, ƙafar hagu a ɗage, ko ƙurar ƙasa ba ta shafa ba. Rebeka ta sauko ta karɓi ƙullin, ta tallafe ta ta zaunar, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta. Ta shigar da sandunan, duka biyun.

“Zulaihatu! Ba da ke nake magana ba?”

Mai Keke ya tayar. Mutum takwas da baƙo ɗaya suka juya suna kallon Alhaji, suna jiran ƙarshen labarin.

Daga can cikin gida muryar Hajiya ta taso. “Goggon yara! Yamma na yi, a zo a faɗi gishiri!” Ta fito tana mita, ta nufi kicin. A bakin ƙofa wani abu ya tare mata hanya, silifa ne ƙwaya ɗaya, na hagu, wanda ya cinye ta gefe. Ta sa ƙafa ta ture shi, ta shiga ta tarar murhu a sanyaye.